Ƙofar Amalanke Ta Kai Ni Yamai

Na je Yamai na dawo. Kwana huɗu na yi, tafiya da dawowa. Tun da na sauka ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. A teburin mai shayi tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har waɗanda suka daina gaishe ni suna aiko wani ya jiyo musu. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zaunar da maƙwabcina Malam Sani, ina faɗa yana rubutawa, don ni ban yi boko ba. Duk wanda ya sake tambayata a miƙa masa wannan.

Sunana Garba. A Tozai aka haife ni, a Illela na tsufa. Sana'ata amalanken jaki, kuma ni ne shugaban masu amalanke na wannan gefen iyaka. Albasa muke ɗauka, da gero da wake, tsakanin Illela da Ƙonni. Ba ma bin babbar ƙofa ta manyan motoci. Muna da tamu ƙarama a gindin wani dogonyaro, ana ce mata Ƙofar Amalanke. Dalilin da ya sa ba ma bin babbar yana jikina. Shekarun baya an taɓa tilasta mana bin ta, tirela ta ja da baya ta take min jaki, ta karya min ƙafar hagu. Jakin ya mutu nan take. Ni ina nan, ina ɗingishi.

Bara waɗansu mutane suka zo da takardu da kujerun roba, suka zauna a gindin dogonyaron suna rubuta duk abin da ya wuce. Ni tun da nake ban taɓa ganin mai takarda ya zo bakin ƙofa da alheri ba. Na tara mutanena na ce, “Masu haraji ne. Wanda ya hango su ya juya jakinsa har su tashi. Wanda aka tambaya ya ce bai sani ba.”

Suka bi maganata. Abin bai ma yi wuya ba. Mu bayan sallar asuba muke ƙetarewa, kafin rana ta taɓa albasa da jaki, mu dawo gab da magariba. Su kuwa sai hantsi ya ɗaga suke zuwa, la'asar ta yi su tafi. Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, ba sa zuwa sam, wai ranar hutu ce. Suka yi makonninsu suka tafi. Na yi ta yabon kaina.

Bayan damina sai ga mota ta sauke bulo da yashi kusa da ƙofar. Muka tambaya, aka ce toshe ta za a yi. Binciken masana ya nuna ba a bin ta, kowa ya koma babbar ƙofa. Abin da ya rage kawai manyan ƙasashen biyu su sa hannu a wani taro a Yamai. Mutanena suka zuba min ido.

Wata Lahadi wata mata ta fito daga ƙaramar mota ta nufo ni. Za ta bikin suna a Gidan Katta, amalanke suka tsare mata hanya. Sunanta Dakta Hadiza, malamar jami'a ce a Sakkwato, kuma ita ce ta jagoranci masu ƙirgar nan.

Ta ce, “Baba, waɗannan amalanken daga ina suka fito?”

Na ce, “Daga inda suke fitowa kullum.”

Ta daɗe a tsaye tana kallo. Sannan ta ce rahoto ya riga ya tafi, kuma Farfesan da ke samanta ba zai canza shi don abin da ta gani a safiya ɗaya ba. Amma a taron an ware kujera biyu don mutanen da abin ya shafa, kuma ba a taɓa cika su ba.

“Mu muna rubutawa, masu mulki suna sa hannu,” in ji ta. “Da wuya mu zauna ɗaki ɗaya, balle da ku. Ka zo.”

“Mi zan ce ma masu kwat?”

“Abin da ka sani.”

Abin da na sani ya fi abin da take zato. Ban gaya mata ba.

Ranar tafiya muka bi ta babbar ƙofa. Na ƙetare iyakar nan sau ba adadi, amma ban taɓa ƙetare ta da takarda ba. Jami'in da ke taga ya san ni. Ya dubi katina, ya dube ni, ya fashe da dariya.

“Baba Garba, yau ta ƙofar manya? Ina jakin?”

“Ya ce in gaishe ka, in ce kana kama da shi.”

Sai ya ce ina katin rigakafi. Ba ni da shi. Aka nuna min wani ɗaki inda wata ma'aikaciya ke riƙe da allura. Ni an ɗaure min ƙafa da karare ba maganin barci ban yi kuka ba, amma allura daban ce. Na rufe ido ina salati. Da na buɗe, matar ta riga ta koma kujerarta tana cin gyaɗa. Dakta ta juya baya wai tana amsa waya, amma kafaɗunta suna rawa.

A Ƙonni muka ɗauki mai kujera ta biyu, Isuhu, shugaban masu amalanke na can gefen. Shekara talatin muna tsokanar juna. Ya zo da babbar riga mai sitaci, tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye.

Na ce, “Wa ya mutu ka gaji wagga riga?”

Ya ce, “Kai dai ja ƙafarka mu tahi, gurgu.”

Kafin mu hau mota ya ja ni gefe. Shi ma irin umarnin da na ba mutanena ya ba nasa. Ya ce, “Ka ji ni da kyau. A roƙa su bar ƙofa, amma kada a hwaɗi yawanmu. In sunka san yawanmu, haraji zai biyo mu har gida.” Na ce na ji.

Motar doguwa ce, mai sanyi a ciki kamar randa. A wurinmu in ka shiga mota, inda ka samu nan ne wurinka, in an matsa a ƙara mutum biyu. A can kowace kujera da lambarta, kuma ba a ƙara ko kaza. Na zauna inda ya yi min, wata tsohuwa ta zo ta tsaya kaina tana nuna min takardarta. Na tashi. Na sake zama, wani ya sake tayar da ni. Sai da Dakta ta kama hannun rigata ta kai ni wurina. Gefen taga ne, na ji daɗi.

Hanya tana da jandarmomi. In an tsaya kowa ya sauko, a karɓi katunanku a tara, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Ba ihu, ba ciniki. Jandarman ya kira sunana sau uku ban amsa ba, don cikakken sunan da ke kan kati ya kira, har da na kakana, kuma ba wanda ya kira ni da shi tun ranar suna. Isuhu ya ce masa, “Yi haƙuri, ba ya jin kira sai an haɗa da jaki.”

A Dogon Dutse muka yi sallar azahar muka ci kilishi. Zan faɗi gaskiya ko da mahautanmu za su ji haushi: nasu ya fi namu. Bayan Doso direba ya rage gudu, mutane suka taso gefen tagata. Raƙuman dawa ne guda uku a bakin hanya suna cin ganyen saman itace. Ina jin labarinsu tun ina yaro, na ɗauka ƙari ake yi. Ba ƙari. Ɗayan ya juyo ya dube mu daga can sama kamar mu ne abin kallo. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba.

Da la'asar sakaliya muka shiga Yamai. Na ga kogi. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka yana tafiya ba tare da damina ba. A kan gada ga motoci, ga babura, ga raƙumi ɗauke da tabarmi yana tafiyarsa, kuma a bayansa ga amalanken jaki. Na daki cinyar Isuhu na ce, “Dubi ɗan'uwanmu a babban birni.” Na leƙa ta taga na ɗaga masa hannu. Bai san ni ba, amma ya ɗaga.

Masaukin otal ne mai hawa huɗu. Ba makulli, wani ɗan kati ake kangawa a ƙofa ta buɗe. Na fito neman butar alwala, ƙofa ta rufe kanta da katin a ciki, ni a waje ba takalmi. Na sauko ƙasa a haka. Mai tsaron teburin karɓar baƙi ya yi min Faransanci, ya yi min Zabarmanci, sannan ya dubi ƙafafuna ya ce da Hausa, “Baba, kai ne na uku yau.” Gadon kuwa in ka kwanta sai ya haɗiye ka. Na sauke bargo ƙasa, a nan na yi kwana ukuna.

Abinci a jere yake cikin manyan kwanuka, kowa ya ɗebi son ransa, ba mai kallon hannunka. Wannan ya burge ni. Amma akwai ɗanyen ganye da ake ci haka nan, irin wanda nake zuba wa jaki, da wani burodi dogo mai tauri da za ka iya kora garke da shi. Washegari da safe na fita bayan otal na samu wata Bazabarma tana sayar da dambu da zogale. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin nata, amma ta ga yadda na cinye ta ƙara min cokali biyu. Kullum can nake karyawa, har Dakta ta biyo ni rana ta biyu.

Ɗakin taron ya fi masallacin unguwarmu girma. A gefe ɗaya masana, a ɗaya gefen masu mulki da manyan jami'an iyaka na ƙasashen biyu, kowa da sunansa a gabansa. Mu biyu muna can ƙarshe. Kowa ya sa wani abu a kunne yana jin fassara, Turanci da Faransanci. Ba Hausa, alhali da aka fita shan shayi na ji kusan rabinsu da Hausa suke hira. Dakta ta zauna tsakaninmu tana raɗa mana.

Wata al'adarsu ta ba ni mamaki. Kowa minti kaɗan ake ba shi, in ya wuce a kaɗa masa ƙararrawa, ko da furfura a kansa. A wurinmu dattijo sai ya gaji don kansa. Na ce wa Isuhu mu sayi irinta mu kai taron ƙungiya. Ya ce ni za a fara kaɗa wa, na ce ni da ba na magana.

Ranar farko maganganu ne a kan hanyoyi da kasuwanni. Na lura da abu ɗaya. In masani yana magana, masu mulki suna duba waya. In mai mulki yana magana, masana suna rubutu suna girgiza kai. Shugabar taron, wata Hajiya mai farin gilashi, ta ce abin da ya tara su ke nan: kada a ƙara sa hannu a kan abin da ba a bincika ba, kada kuma bincike ya ƙare a cikin kabad. Aka tafa. Ni ma na tafa.

Rana ta biyu aka zo kanmu. Farfesa ya tashi, dogo, mai taushin murya. Aka haska hoto a bango, ƙato. Ƙofarmu ce. Ga dogonyaro, ga hanya fayau ba kowa, sai akuya ɗaya. Dakta ta raɗa min cewa yana faɗin an zauna makonni ana ƙirga, abin da ke bi ta nan bai kai a ajiye ma'aikata dominsa ba. Masu mulki suna gyaɗa kai. Na ga an fara tura wata takarda gaban Hajiya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Hajiya ta dube ni ta saman gilashi, ta ce da Hausa, “Bismillah, Baba.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ni ban iya karatu ba, amma na iya inuwa. Ku dubi inuwar iccen nan. Tana gindinsa, ba ta fita ko'ina ba. Wanga hoto da rana tsaka anka ɗauke shi. Wane mahaukaci zai fito da albasa da rana tsaka?”

Waɗansu suka yi dariya kafin a fassara, sauran suka yi bayan an fassara. Farfesa bai yi ba. Ya ce ba hoto ɗaya suka dogara da shi ba. Ma'aikatansa sun zauna daga safe zuwa la'asar, kuma sun tambayi mutanen wurin baki da baki, kowa ya ce ba a cika bin ƙofar ba. Ya ɗaga takardun. Ya ce, “Ko mutanenka ƙarya suka yi?”

Ya faɗi gaskiya, kuma ba da raini ya faɗa ba. In na yi shiru, takardarsa ta fi bakina, bulo ya hau. In na yi magana, ga manyan masu karɓar haraji na ƙasa biyu zaune suna saurare. Isuhu ya kama gefen rigata yana ja ƙasa.

Na ce, “Ƙarya sunka yi. Ni na sa su.”

Dakta ta daina fassara, ta juyo tana kallona.

Na ce, “Mun ɗauka masu haraji ne. Na ce kowa ya ɓuya. Laifina ke nan, na ɗauka. Naku kuma, kun zo ƙirgar mutanen asuba da hantsi, kuma kun huta ranar kasuwa. Ba wanda ya ce muna ga abin da za a yi da ƙirgar. Da an hwaɗa muna ƙofa za a toshe, da har jakan da ba su da lahiya mun fito da su.”

Sai na ɗage wandona na nuna musu ƙafar. Na ce wannan babbar ƙofa ce ta yi. Na ce in an haɗa jaki da tirela a hanya ɗaya, su tanadi masu ɗori. Mai ƙararrawa ya ɗaga hannu zai kaɗa, Hajiya ta dube shi, ya ajiye.

Wani babban jami'in duwan, wato kwastan na can, ya jawo abin magana ya ce, “To, ku nawa ne ke wucewa?”

Isuhu ya taka min ƙafar, mai lafiyar.

Na ce, “Ban san lissafin ba, kuma in na hwaɗa ba za ku yarda ba. Ku zo Lahadi bayan sallar asuba ku ƙirga da kanku. Ba wanda zai ɓuya. Na yi alkawari.”

Aka shiga muhawara da harsunan da ba na ji. Wani yana cewa an riga an sayi bulo. Farfesa ya daɗe yana duba takardunsa, sannan ya ce shi ba zai so a sa hannu a kan ƙirgar da ya san tana da rami ba, a ba shi wata guda. Na ga girmansa a nan. Hajiya ta zare takarda ɗaya daga cikin tarin ta ajiye gefe, ta sa hannu a sauran.

A waje Dakta ta tsaya gabana. Ta ce, “Baba, wata nawa na aikina ka lalata, kuma muka yi tafiyar yini guda ba ka gaya min ba.”

Na ce, “Na ji kunya, ɗiyata.”

Ta ce, “Ni ma ina da tawa. Ranar Lahadi ka tanadar min tabarma.”

Isuhu bai yi min magana ba daga Yamai har Doso. A Doso ya sayi rake, ya karya, ya miƙo min guntun ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, “In anka sa haraji, jakinka zan sayar in biya.” Na ce ina da biyu, ya ɗauki mai cizon.

Sun zo. Lahadi huɗu a jere, da waɗansu ranakun, tun ana sallame asuba. Farfesa da kansa ya zo ta farko, da hular sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kiran mutanena da suna, don waɗansu da suka hango takarda sun fara juya jaki, hannunsu ya saba. Alƙalamin Dakta ya ƙare kafin rana ta fito, ta ari na jami'in ƙofa.

Ba a toshe ƙofar ba. Amma ba a banza muka sha ba. Yanzu kowane amalanke yana da lamba da aka rubuta da fenti, an san mu, kuma akwai ɗan abin da ake biya a shekara. Isuhu bai yi ƙarya ba. Mutum biyu cikin mutanena sun daina gaishe ni saboda haka. Ta ƙofar suke wucewa kullum ba su gaishe ni.

Da aka zo kwashe bulon, Dakta ta tambaye ni abin da wurin ya fi buƙata, ta rubuta, ta kai inda ake sa hannu. Ba a kwashe shi ba. Da shi aka gina kwamin shan ruwan jakai a gindin dogonyaro.

Yanzu ina Illela. Ƙafar tana ciwo in an yi sanyi. Kowace asuba ina bakin ƙofa, amalankena mai lamba ɗaya, jakina yana shan ruwa a cikin bangon da aka so a toshe mu da shi.